Wa ke da iko da bakin ruwa? Tambayoyi da amsoshi kan ƙaramar hukuma a garuruwan gaɓar kogin Kwara a Kebbi

A Yelwa ta Yawuri, da Wara ta Ngaski, da ƙauyukan Shanga da Bagudo da ke bakin kogin Kwara, koke da yawa na mutuwa a hanya ne saboda an kai shi ƙofar da ba tasa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a mashigin jirgi da ranar kasuwa.

Mene ne ainihin aikin ƙaramar hukuma a garin da ke rayuwa da ruwa?

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya lissafo shi: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, gyaran hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa. A cikin jerin akwai layi ɗaya da ya shafi mutanen ruwa kai tsaye, wato ba da lasisin kekuna, amalanke, baro da kwalekwale. Sannan ƙaramar hukuma tana da hannu, tare da jiha, a makarantun firamare da asibitocin matakin farko. Saboda haka rumfar kasuwar kifi da ta zube, ko sharar da ta toshe hanyar gangarawa mashigi, nata ne, ba sai an je Birnin Kebbi ba.

To jirgi mai inji da ke ɗibar fasinja fa, wa ke kula da shi?

Nan ne ake yawan ruɗewa. Hanyar ruwan kanta ta gwamnatin tarayya ce, a ƙarƙashin hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, da aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lokoja. Rajistar jirgin haya, duba lafiyarsa, yawan mutanen da zai ɗauka, tilasta sa rigar ruwa da hana tafiyar dare, duk nata ne. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta sake tabbatar da wannan iko a shari'ar da aka yi da Jihar Legas.

Amma jami'in NIWA ba ya kwana a kowane mashigi. Wanda ke wurin kullum shi ne mai yankan rasit na ƙaramar hukuma, da shugaban 'yan jirgi, da Sarkin Ruwa. Idan waɗannan uku suka haɗa baki, babu jirgin da zai tashi da lodin da ya wuce kima. Abin da ake buƙata ba shi da tsada: a ja layin fenti a jikin kowane jirgi, idan ruwa ya taɓa layin a daina lodi, a rubuta sunan kowane fasinja a littafi kafin a kwance igiya, a lissafa babur da buhun hatsi a matsayin nauyi, don babur ɗaya ya fi mutum babba nauyi, a tsayar da lokacin da jirgin ƙarshe zai bar kasuwa tun rana ba ta faɗi ba. Majalisar kansiloli tana iya mayar da waɗannan dokar ƙaramar hukuma a kasuwa da mashigin da take karɓar kuɗi. A ganinmu, hukumar da ke yankar rasit a mashigi ba ta da bakin cewa abin da ya faru a ruwa ba ruwanta.

Me ya sa haɗarin jirgi ya fi yawa a wannan yanki?

Lodi ne na farko, sai tsufan katako, sai kututture. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya shanye gonaki da dazuzzuka da tsibiran Gungawa, aka sake wa dubban mutane matsuguni. Itatuwan da ruwa ya rufe ba duka aka sare ba. Idan ruwa ya ja baya, kan kututturen yana tsayawa dab da saman ruwa, jirgi mai gudu ya hau shi ya tsage. Haɗarin da ya faru kusa da Wara a Mayun 2021, inda jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kuma kaɗan suka tsira, shi ne ya sa aka fara maganar rigar ruwa da gaske. Hukumar HYPPADEC, wadda ke kula da yankunan da madatsun wutar lantarki suka shafa, ta raba rigunan a wurare da dama. Matsalar ita ce rigar da aka raba wa mutum gida take tafiya. Ya kamata ta zauna a mashigi, a ƙirga ta da safe, a ƙirga da yamma, da sunan wanda ke riƙe da makullin ɗakin.

An ce yanzu kuɗin ƙaramar hukuma kai tsaye yake zuwa. Gaskiya ne?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Kason nasu daga asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari, ban da na harajin VAT. Hukunci daban, aiwatarwa daban. Hanya mafi sauƙi ita ce duba alƙaluman rabon wata-wata da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke wallafawa a intanet, inda kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 21 na Kebbi ke da layinta. A tuna dai albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya ne ke fara cin kaso mai tsoka kafin a zo maganar kwalbati.

Idan ambaliya ta ci gona ko gida, ina za a fara?

Kwara cika biyu take yi. Akwai ta damina mai laka, daga Agusta zuwa Oktoba, wadda ke cin shinkafar fadama. Akwai kuma ruwan da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya iso lokacin hunturu, ya samu masu albasar rani a gaɓa. Hukumar tarayya mai lura da yanayin koguna, wato NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, kuma aikin ƙaramar hukuma ne ta kai saƙon ga hakimai da dagatai da masallatan Juma'a.

Bayan ɓarna, mai unguwa ya rubuta sunan kowane magidanci, girman gonar, abin da aka shuka da ɗakunan da suka faɗi, a ɗauki hoto ruwa bai janye ba. Dagaci ya sa hannu, hakimi ya sa, a miƙa wa sakatariyar ƙaramar hukuma ta tura wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA. Jerin da aka haɗa bayan wata guda shi ne ake cusa wa sunayen da ko kadada ba su da ita, masu asarar gaske su tashi a tutar babu.

Rikicin masunta kuma, na wa ne?

Dokar kamun kifi ta jiha ce, kuma ta hana zuba guba da amfani da taru mai ƙananan ido irin dala, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi. A aikace Sarkin Ruwa ne ke fara sasantawa, in ta ƙi a je gaban hakimi, sannan sashen kifi na ma'aikatar jiha.

Ta yaya unguwa za ta sa aikinta ya shiga kasafi?

Da takarda, kuma da wuri. Shekarar kuɗi daga Janairu take farawa, don haka ana tattara buƙatu ne a watannin ƙarshen shekara. Wanda ya zo a Maris sai ya jira baɗi. A nemi abu ɗaya tak, a faɗi wurinsa da girmansa, misali matakalar siminti mai tsawon mita 20 a mashigin kasuwa. A yi kwafi uku: na kansilan mazaɓa, na sakataren ƙaramar hukuma, da na unguwa, wanda za a sa ofishin karɓar wasiƙu ya buga masa hatimi da kwanan wata. Bayan mako biyu mutum biyu su koma sashen ayyuka su tambayi ko injiniya ya fita ya auna, don aikin da ba a yi wa ƙiyasin kuɗi ba ba ya shiga kasafi. Idan an amince, a nemi lambar layin da aka sa aikin a ciki, a rubuta ta a bayan kwafin mai hatimi.