Waiwaye: Daga baitulmalin En'e zuwa asusun haɗin gwiwa

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36. Ta ce kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye, kuma duk inda gwamna ya ɗora kantoman riƙo maimakon zaɓaɓɓen shugaba, kada a ba da ko kwabo. An yi ta murna a gidajen rediyo. Sai dai rigimar kuɗin ƙaramar hukuma a Arewa ta girmi gwamnonin nan duka, kuma a da ba a kan rabon kuɗi ake yin ta ba, a kan karɓarsa ne daga hannun talaka.

Tun kafin jihadi sarakunan Hausa suna karɓar kuɗin gari da jangali, har Shehu Usmanu ya ambace su da sunansu a Kitabul Farƙi cikin abubuwan zaluncin da yake yaƙi da su. Bayan jihadin ma ba su ɓace ba. A Kano ta ƙarni na 19 akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin shuka a kan irin su rake da albasa, akwai kuɗin karofi a kan marina, ga zakkar hatsi. Hakimai kuwa a birni suke zaune kusa da sarki, jakadunsu ne ke shiga ƙauyuka su tattaro, kowa ya ɗebi rabonsa a hanya.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba su da mutane, ba su da kuɗi. Sai suka riƙe sarakuna, suka mai da su hukuma, wato En'e. Suka haɗe ƙananan kuɗaɗen nan suka zama haraji guda, suka kawar da jakadu, suka ce kowane hakimi ya tattara ya koma gundumarsa da zama. Daga nan tsani ya miƙe: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, sai Razdan, Baturen da ke kula da lardi, a sama yana duba lissafi. A Katsina aka fara kafa baitulmali, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, daga baya sauran masarautu suka bi. Da farko rabi na gwamnatin Turawa ne, rabi na En'e. Shi kansa sarki sai ya koma ɗan albashi, ma'aji na rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

A takarda tsarin ya yi kyau. A ƙauye kuwa wani abu ne daban. Da kaka ta yi, mai unguwa zai bi gida-gida da malamin haraji ana ƙidayar baligai. Ba a karɓar wuri, ba a karɓar dami, sai sule da sisi na Bature. Saboda haka manomi dole ya kai hatsinsa kasuwa a lokacin da kowa ke kaiwa, farashi na ƙasa, ko ya sayar da akuyar matarsa. Wannan matsi yana cikin abin da ya tura mutane noman gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma tura samari ci-rani. Wanda ya biya sai ya naɗe takardar harajinsa ya cusa a cikin hula ko a laya, don za a iya tare shi a tasha ko a bakin kasuwa a ce ya nuna. Wanda ya kasa, a shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci. Da damina kuma a bi Fulani da jangali, ana ƙirga shanu kai-kai, makiyayi na kora garke cikin dare ya tsallaka wata ƙasa kafin masu ƙidaya su iso.

Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa kuɗin yana barin alama. En'e ce ke gina makarantar elementare da asibitin sha-ka-tafi, ita ke haƙa rijiya ta share hanya. En'e ta Kano ta kawo ruwan famfo da lantarki birni a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Amma ita ce kuma mai 'yan doka, mai kotun alƙali, mai gidan yari. Wanda ya aza maka haraji shi zai kama ka, shi zai yi maka shari'a, shi zai ɗaure ka. Nan ne ciwon yake.

A watan Agustan 1950 abubuwa biyu suka faru. Aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, wadda ta ɗauki haraji da jangali da aikin tilas a matsayin kukan talaka. A Majalisar Dokokin Arewa da ke Kaduna kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin a gyara En'e, ya ce ba a tafiya da jama'a. Gyaran ya zo a hankali da dokar En'e ta 1954. Kuɗin baitulmali ma ya zama makami tsakanin manya: binciken da wani jami'i Bature, Muffett, ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano ne ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ya koma Azare.

Soja suka ƙarasa aikin. Bayan an raba Arewa jihohi shida a 1967, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta shimfiɗa tsari ɗaya a duk ƙasa, ƙananan hukumomi 301, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Sannan a Oktoban 1979 gwamnonin PRP biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Dattawan da suka ɗanɗana shanyar rana har yau ba su manta da wannan rana ba, kuma ina ganin sokewar daidai ce, don haraji ne da ba ya bambanta mai garke da mai akuya ɗaya yadda ya kamata, ga wulaƙanci a wajen karɓa.

Sai dai abin da ya maye gurbinsa kuɗin mai ne daga asusun tarayya, kuma da shi wata matsala ta shigo. Da, talaka ya san abin da ya fita daga aljihunsa, shi ya sa yake da bakin tambaya ko da a ɓoye ne, shi ya sa NEPU ta sami masu saurare. Yanzu kuɗin yana zuwa ne daga nesa a ƙarshen wata, kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, kuma kaɗan ne a cikinmu suka san nawa aka turo wa ƙaramar hukumarsu a watan jiya. Tsarin mulki na 1999 ya ƙara dagula lamarin: sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, sashe na 162 kuma ya bi da kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Ta wannan kafa gwamnoni suka riƙa yanka suna miƙa wa ciyamomi abin biyan albashi, suna rushe zaɓaɓɓu suna naɗa kantomomi. A sakatariyoyi da dama, ba ka ganin cikar ma'aikata sai ranar da aka ji albashi ya shigo.

Hukuncin 2024 ya taɓa hanyar da kuɗin ke bi, bai taɓa hanyar da ciyaman ke bi ya hau kujera ba. Hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna kuma shi ke naɗa ta. Bayan hukuncin jihohi suka yi ta gaggawar zaɓe don kada a riƙe musu kaso. A watan Oktoban shekarar, APC mai mulkin Kaduna ta lashe kujerun ciyaman 23 duka, NNPP mai mulkin Kano a lokacin ta lashe 44 duka.