Man mota daga gona: abin da manomi zai tambaya kafin ya ba da filinsa

'Yan'uwa manoma, tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai injin ban ruwa a fadama ya ji a jikinsa. Shi ya sa zancen man da ake samu daga amfanin gona ya sake tasowa, har a taron manoma wani dattijo ya tambaye ni: "Malam, wai da gaske rogo zai iya tuƙa mota?"

Da gaske ne, Baba. Ana matse ruwan rake ko na takanɗa, ko a niƙa rogo, a bar shi ya tsima, sannan a tace a fitar da sinadarin itanol, wanda ake gaurayawa da fetur. Ba na sha ba ne, ana ma zuba masa abin da zai hana a sha. Ƙasar Birazil ta fara wannan aiki da rake tun 1975, yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗinsu itanol ne. Mu ma a 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufa a kai: a riƙa gauraya itanol kashi 10 cikin 100 a fetur, a kuma ba kamfanonin da suka shiga harkar hutun haraji na shekara 10 da sassaucin kuɗin kwastan a kan injina. A 2017 kamfanin NNPC ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar Kebbi a kan wannan sana'a. Nijeriya kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, don haka kayan aikin muna da su.

Amma ku lura, wannan sassaucin haraji na masu masana'anta ne. Manomi ba ya ganin ko kwabo sai ranar da aka auna kayansa aka biya shi, kuma da yawa daga masana'antun da aka yi alkawari har yau ba su tashi ba. Nan ne nake so mu tsaya.

Mutanen Kisarawe a ƙasar Tanzaniya sun ba wani kamfanin Ingila fili sama da hekta 8,000 don ya shuka bini-da-zugu, wanda ake matse 'ya'yansa a samu man da ake yin dizal da shi. A 2011 kamfanin ya durƙushe, ayyukan da aka yi musu alkawari suka tafi, filin kuma ya riga ya fita hannunsu. An ce musu itacen yana yi ko a fako. Eh, yana rayuwa a fako, amma ba ya ba da 'ya'ya na kirki sai da ruwa da taki, kuma sai ya shekara uku ko fiye kafin ya kama sosai. Wa zai ciyar da gida a waɗannan shekaru?

Saboda haka idan wakilin kamfani ya zo ƙauyenku, ku tambaye shi ina masana'antar take, kuma tana aiki ko tana kan takarda. Wannan tambaya tana da nauyi, domin rogo idan aka tone shi kwana biyu zuwa uku ya fara lalacewa, rake ma zaƙinsa na raguwa da zarar an sare shi. Farashi da ranar biya da wanda zai ɗauki kuɗin mota, duk a rubuta su, a gaban mai gari da shugabannin ƙungiyarku. Haya ta shekaru kaɗan ta fi sayarwa, gonar gero da dawa kuma kada a taɓa ta.

Ni dai takanɗa ce ta fi kwanta mini a rai. Tana jure ƙarancin ruwa fiye da rake, zangarniyarta abinci ce, ruwan karanta ya tafi masana'anta, tuƙar kuma dabbobi su ci. Bini-da-zugu kuwa ku bar shi inda kakanninmu suka sa shi, a shingen gona, tunda awaki ba sa cinsa. Sai dai mata a kula: 'ya'yansa guba ne, yara na ɗaukarsu kamar gyaɗa. Yaron da ya ci ya fara amai ko gudawa, a garzaya da shi asibiti nan take, a tafi da sauran 'ya'yan a nuna wa likita.