Sukurun da ke narkewa cikin gwiwa: tambayoyi da amsoshi

A Damagaram, ɗan ƙwallo ko ɗan kokawa, ko wanda ya faɗo daga kan kabu-kabu, yakan ji wata ƙara a gwiwarsa, ta kumbura, daga baya ta riƙa goce masa duk lokacin da ya juya da sauri. Sau da yawa jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri, kuma mai ɗori ba ya iya haɗa ta, tun da ba ƙashi ne ya karye ba. Likitoci kan maye gurbinta ta hanyar tiyata, inda suke amfani da sukuru na ƙarfe ko mai narkewa.

Ina amfanin sukuru a wannan tiyata?

Likita yakan ciro wata jijiya daga jikin majinyacin, daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya, ya huda rami a ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura ta ciki. Sai ya murza sukuru a gefenta domin ya matse ta da bangon ramin, kamar yadda manomi ke cusa ɗan itace a ƙotar fartanya idan ruwan ya yi sako-sako. Aikin sukurun na ɗan lokaci ne: cikin kimanin mako 6 zuwa 12 jijiyar takan manne da ƙashi.

Da me ake yin mai narkewa?

Galibi da wata irin roba da ake kira PLLA, ko danginta. Ruwan jiki ne ke farfasa ta sannu a hankali har ta koma sinadarin da ke sa nono tsami, jiki kuma ya fitar da shi. Wasu ana gauraya su da garin kalsiyam mai kama da na ƙashi, da fatan ƙashi ya cike gurbinsu. Sai dai kalmar "narkewa" tana ruɗin mutane, domin PLLA kan yi shekaru kafin ta ɓace.

Ya fi na ƙarfe?

Ta fuskar ƙarfin gwiwa bayan warkewa, binciken da aka yi ta kwatanta su bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Fifikonsa shi ne ba ya ɓata hoton cikin jiki na MRI, wanda a Nijar ake kira IRM, kuma idan an sake tiyata ba lallai ne sai an tono shi ba. Shi ma na ƙarfen titaniyom akasari ba a cire shi.

To, ina illar mai narkewa?

Ya fi saurin karyewa yayin da ake murza shi, kuma ya fi tsada. A wasu mutane yana sa gwiwa tara ruwa, ko ramin ƙashin ya faɗaɗa, ko wani ƙulli ya fito a gaban ƙwauri bayan shekaru, har sai an koma an yanke. A ganina, wanda ya sayar da tunkiya ko buhun gero don haɗa kuɗin aiki bai kamata ya ci bashi saboda sukuru kaɗai ba.

Yaushe ake komawa fili?

Ko da wane sukuru aka sa, likitoci kan jira kimanin wata 9, kuma sai an yi ta motsa gwiwar a hannun masu gashin ƙashi har naman cinyar ya dawo daidai da na ɗaya ƙafar.