Shin da gaske ruwa na kashe kowace irin wuta?

Tun muna yara a Kano muke jin cewa ruwa maganin wuta ne, shi ya sa da aka ce ana tayar da tartsatsi a ƙarƙashin ruwa da hasken leza don gano sinadarai, sai wasu su ce tatsuniya ce.

Ai ba wutar murhu ba ce. Wutar itace na buƙatar iska, wannan kuwa ba ruwanta da iska. Ana tattara hasken leza ne a ɗigo ɗaya, cikin ƙiftawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, sai wurin ya zama filasma, wato wani irin tururi mai haske, mai zafin dubban digiri. Kowane sinadari da ke ciki sai ya fitar da nasa launin haske. Sodiyam, alal misali, rawaya yake bayarwa a nanomita 589 (ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi ke nan). Na'ura ta karanta launukan, ta faɗi abin da ke wurin.

Masu shakka suna da ɗan gaskiya: ruwa na danne filasmar, ta mutu da wuri, hasken ya dushe. Ɗaya daga cikin dabarun magance hakan ita ce a harba lezar sau biyu. Na farko ya buɗe ɗan kumfa, na biyu ya kunna filasmar a cikinsa. Da wata na'urar leza mai suna ChemiCam, wadda tata dabarar daban ce, masu bincike a Japan sun auna duwatsu a ƙasan teku, zurfin fiye da mita 1,000.

Ni dai da nake wucewa ta Challawa, ina ganin ruwan da masana'antun jima ke zubarwa, sai in yi tunanin ko irin wannan na'ura za ta iya gano sinadarin kuromiyam ɗin cikinsa.