Dokar Lantarki ta 2023: daga ina ikon jiha ya fara, a ina kuma ya tsaya?

Tun da aka ce jihohi sun samu 'yancin yin wutar lantarkinsu, mutane da yawa suka ɗauka gwamna zai iya wayar gari kawai ya karɓe kamfanin raba wuta, ya kuma rage kuɗin wuta yadda ya ga dama. Ba haka dokar ta ce ba. Ta buɗe wa jihohi ƙofa da gaske, amma da sharuɗɗa, kuma akwai inda hannun jiha ba ya kaiwa.

Sauyin ya zo ne a zango biyu. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki da ya ba jihohi damar samar da wuta, da dakonta, da rarraba ta, har a yankunan da babban layin wuta na ƙasa ya ratsa. Kafin nan jiha ba ta da ta cewa sai a wuraren da layin bai kai ba. A watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin dokar 2005 da aka yi amfani da ita wajen sayar da kamfanonin wuta ga 'yan kasuwa a 2013.

Ikon ba ya komawa hannun jiha da kansa. Sashe na 230 na dokar ya shimfiɗa hanyar da za a bi. Majalisar dokokin jiha za ta yi dokar kasuwar lantarki, gwamnati ta kafa hukumar da za ta sa ido, sannan a sanar da hukumar tarayya, wato NERC, a rubuce. Daga nan NERC na da kwana 45 ta fitar da jadawalin miƙa iko, kuma dole a kammala miƙawar cikin wata 6. Shi kuma kamfanin da ke raba wuta a jihar yana da wata 2 ya yi rajistar wani ƙaramin kamfani nasa da zai riƙa aiki a jihar kaɗai, wanda zai nemi lasisi daga hukumar jiha. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara samun wannan umarni a watan Afrilu na 2024, daga baya irin su Legas da Kogi da Neja da Filato suka bi sahu. Jihar da ba ta yi dokarta ba kuwa, NERC ce ke ci gaba da riƙe ta.

Maganar ƙaramin kamfanin nan ita ce ta fi wuya, musamman a Arewa. Kamfanonin raba wuta 11 da aka gada ba a kan iyakar jihohi aka yanka su ba. Kamfanin Kano, wato KEDCO, na riƙe da Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanin Kaduna na riƙe da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, na Yola kuma Adamawa da Borno da Taraba da Yobe. Layi guda mai ƙarfin kilobolt 33 zai iya tasowa daga tasha a wannan jiha, ya ƙare a garuruwan maƙwabciyarta. Kafin a raba gari sai an sa mita a daidai inda layin ya tsallaka iyaka, don a san wutar da ta shiga da wadda ta fita. Sai an ƙirga taransifoma da turaku da ma'aikata, an san na wace jiha ne. Sai kuma an raba bashi, wanda shi ne kowa ke gudu.

To me ya rage a hannun tarayya? Duk wutar da ta tsallaka iyakar jiha ko ta ƙasa. Manyan tashoshin da ke zuba wuta a layin ƙasa, da manyan layukan dakon wuta na TCN, wato kamfanin dakon wuta na ƙasa, da cinikin wuta tsakanin jihohi, duk suna ƙarƙashin NERC. Jihar Neja ta isa misali: Kainji da Shiroro da Zungeru duk a ƙasarta suke, amma tunda layin ƙasa suke ba wa wuta, hukumar jihar ba ta da ikon yanka musu farashi ko ta ce a fara ba 'yan jiha kafin kowa.

Nan ne aka fi samun saɓani. A watan Yuli na 2025 hukumar lantarki ta Enugu ta rage kuɗin masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, daga naira 209 zuwa naira 160 a kan kowane yunit. NERC ta ce jiha na da ikon tsara farashi a gidanta, amma wutar da ake sha a Enugu daga layin ƙasa ake sayo ta, don haka dole farashin ya ɗauki kuɗin samar da ita da na dakonta, in ba haka ba jihar ta biya cikon daga aljihunta. A wannan gaɓa hujjar NERC na da ƙarfi. Kuɗin da mai gida ke biya kashi-kashi ne: na mai tashar wuta, na mai iskar gas da tashar ke ƙonawa, na mai dako, sannan na mai rarrabawa. Kason ƙarshen nan ne hukumar jiha ke da cikakken iko a kansa. In aka zabge farashi ba tare da an ware kuɗin tallafi a kasafi ba, giɓin kan tashoshin wuta yake faɗawa, su kasa biyan kuɗin gas, injuna su tsaya, duhun kuma ya shafi har jihohin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Inda jiha za ta fi cin moriyar dokar shi ne wutar da aka samar a cikinta aka kuma sha a cikinta. Wannan lasisinta da farashinta duk na jiha ne. Arewa ta ga amfanin haka a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke tasowa daga Ugwuaji a Enugu zuwa Apir a Binuwai shi ma ya samu matsala, jihohi da dama suka yi kwanaki babu wuta. Tashar hasken rana mai megawat 10 da ke Kumbotso a Kano, da madatsar Tiga, da injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, irinsu ne za su iya riƙe unguwar masana'antu ko gidan ruwa idan babban layi ya faɗi, matuƙar an ja musu layi na musamman zuwa masu amfani da su. Wannan ya dace da alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a 2021 na daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, domin dokar ta ɗora wa hukumomi nauyin ƙarfafa wutar rana da ruwa da iska. Sai dai mai zuba jari ba zai kafa tasha ba sai ya ga wanda zai sayi wutar ya biya a kan lokaci, kuma ma'aikatun gwamnati na cikin waɗanda suka fi tara bashin wuta.

Ƙananan masu harkar ma an rage musu wahala. Wanda zai samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 a wuri guda ba, ko ya rarraba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, ba ya buƙatar lasisi a dokar tarayya, ko da yake jihar da ta karɓi iko za ta iya fito da nata ƙa'idojin.

Ga mai biyan kuɗin wuta, abin da zai fara sani shi ne ko jiharsa ta karɓi iko. Ƙorafi a kan bil na ƙiyasi, ko jinkirin ba da mita, ko rashin cika awa 20 a rana da aka yi wa rukunin A alƙawari, a ofishin kula da abokan hulɗa na kamfanin ake fara shigar da shi, a rubuce, mutum ya riƙe kwafinsa da rasit ɗin biyansa. Idan ba a warware ba, a jihar da ba ta karɓi iko ba sai ya wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC da ke yankinsa. A jihar da ta karɓa kuwa, hukumar lantarki ta jihar zai nufa da takardunsa.