Waiwaye: Yadda Aka Koma Neman Cutar Parkinson a Cikin Fata

Mutum yana zaune, hannunsa a kan cinya, amma babban yatsa da manuniya suna ta gogayya kamar mai jan carbi. In ya miƙe sai ya ɗan duƙa, yana jan ƙafa da gajeren taku. Kusan haka wani likita a birnin Landan, James Parkinson, ya siffanta mutum shida a 1817, wasunsu ma a titi ya gan su. Daga baya likitan Faransa, Charcot, ya laƙaba wa cutar sunansa. Abin mamaki, bayan shekara ɗari biyu, har yanzu ido da hannun likita ne babban ma'auni: a sa mara lafiya ya yi tafiya, a lanƙwasa masa gwiwar hannu, a ba shi maganin lebodofa a ga ko zai ji sauƙi.

Ido kuwa yana kuskure. A 1992 masu bincike a Landan suka duba ƙwaƙwalwar mamata 100 da aka ce wannan cuta ce ta kama su, sai 76 kaɗai suka tabbata. Sauran wasu cututtuka ne masu kama da ita.

Me ake nema a ƙwaƙwalwar mamaci? Wasu dunƙule-dunƙule ne a cikin ƙwayoyin jijiya, waɗanda Friedrich Lewy ya fara bayyanawa a Jamus a 1912. An daɗe ba a san da me aka gina su ba, sai 1997. A shekarar aka gano wani sauyi a ƙwayar gado ta wani dangi 'yan asalin garin Contursi na Italiya, sannan Maria Grazia Spillantini da abokan aikinta a Kambirij suka nuna cewa furotin ɗin da wannan ƙwayar gado ke samarwa, alfa-sinukilin, shi ne ginshiƙin dunƙulen. Kowa yana da shi a jikinsa. Matsalar ita ce in ya naɗe ba daidai ba, sai ya riƙa manne wa juna yana taruwa. To amma wa zai yarda a yanki ƙwaƙwalwarsa yana raye don a duba?

Hanya ta fara buɗewa a 2003, lokacin da wani masani Bajamushe, Heiko Braak, ya kawo ra'ayin cewa ɓarnar na iya farawa daga jijiyoyin hanji da na hanci kafin ta hau ƙwaƙwalwa. Hakan ya dace da abin da marasa lafiya ke faɗa: taurin bayan gida da daina jin ƙamshi sukan riga karkarwa da shekaru. In furotin ɗin yana wajen ƙwaƙwalwa, ai za a iya cim masa. Aka gwada hanji, aka gwada wurin da yawu ke fitowa a ƙarƙashin haɓa, amma fata ta fi sauƙin taɓawa. Cike take da siraran jijiyoyi masu kula da zufa, da hanyoyin jini, da 'yan tsokokin da ke sa tsikar jiki ta tashi. A 2014 tawagar Vincenzo Donadio a Bologna ta Italiya da wata a Würzburg ta Jamus suka ba da rahoton ganin gurɓataccen furotin ɗin a fatar masu rai.

Aikin kansa bai taka kara ya karya ba. A yi allurar kashe zafi, a ɗauko ɗan tsinken fata mai faɗin milimita 3, bai kai ƙwayar dawa ba, daga wuri uku: bayan wuya, saman gwiwa da saman idon sawu. A manna filasta, mutum ya tafi gida. A ɗakin gwaji ake shafa wa naman wani rini mai kama furotin ɗin, ya yi ƙyalli a ƙarƙashin madubin likita.

A watan Maris na 2024 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken Christopher Gibbons da Roy Freeman na Boston. Gwajin ya kama furotin ɗin a kashi 92.7 cikin ɗari na masu Parkinson, da kashi 3.3 kacal na masu lafiya. (A sani dai, su biyun suna da hannu a kamfanin CND Life Sciences mai sayar da gwajin da sunan Syn-One, don haka tabbaci daga waɗanda ba su da riba a ciki zai fi kwantar da hankali.)

Sai dai gwajin ya kama fiye da kashi 95 na masu wasu cututtuka uku 'yan uwanta, har da ruɗewar tunani mai dunƙulen Lewy. Ke nan yana faɗin gidan da cutar ta fito, bai faɗi ɗakin ba. Ga kuma kishiya: gwajin ruwan lakar gadon baya, wanda a 2023 ya gano kusan kashi 88 na masu cutar, amma sai an soka allura a baya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin masu naushi da shure-shure a cikin mafarki. Da yawansu kan kamu da Parkinson ko 'yar uwarta bayan shekaru, kuma an riga an ga furotin ɗin a fatar wasunsu tun hannu bai fara rawa ba. Likita zai iya gaya wa irin wannan mutum abin da ke tafe, alhali lebodofa, wanda aka dogara da shi tun ƙarshen shekarun 1960, alamu kawai yake lafar da su, bai hana jijiyoyin ci gaba da mutuwa.