Wa doka ke kira likitan haƙori a Najeriya?

Bayan sallar la'asar wani maƙwabcinmu, dattijo mai sayar da hatsi, ya yi mini sallama riƙe da takarda a cikin leda. 'Yarsa ce ta samu gurbin karatu, kuma a yadda aka gaya masa, likitar haƙori za ta zama. Ya ce, "Malam, duba mini nawa ne kuɗin, in san buhu nawa zan fitar." Na karɓa na karanta har ƙasa. Wata makarantar koyon aikin lafiya ce mai zaman kanta, kwas ɗin kuma na masu taimaka wa likitan haƙori ne, ana gamawa da difloma. Na ce, "Baba, karatu ne mai kyau, kuma ana cin abinci da shi. Sai dai wanda ya gama shi, doka ba ta kiransa likita." Ya ɗan yi shiru yana naɗe ledar, sannan ya ce, "To wa take kira?"

Amsar tambayar Baba tana cikin dokar likitoci da likitocin haƙori, wadda aka fara yi a 1963, aka sabunta ta da doka mai lamba 23 ta 1988, yanzu kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na M8. Ita ce ta kafa Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, mai hedikwata a Abuja. Dokar ta ɗora wa hukumar nauyin tsara irin ilimin da mutum zai samu kafin ya taɓa bakin mara lafiya, da ajiye rajistar waɗanda suka cancanta, da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'idar aiki. Duk wanda sunansa ba ya cikin wannan rajista, ya kira kansa likitan haƙori ko ya yi aikin don a biya shi, ya aikata laifi, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5. Dokar ta bar wa masu maganin gargajiya da al'ummarsu ta san su da shi damar yin sana'arsu, amma wannan sassauci bai kai ga yanka naman jikin mutum ba. Mai cire haƙori a bakin kasuwa da filaya ya kamata ya san haka, mu da muke kai masa bakinmu ma mu sani.

Hanya ɗaya ce ke kai mutum cikin rajistar nan: digirin likitan haƙori, wanda yawancin jami'o'inmu ke kira BDS, jami'ar Ife kuma take kira BChD. Shekara 6 ake yi. Sauran kwasa-kwasan da ke da kalmar haƙori a sunansu kowanne da hukumarsa da iyakarsa. Mai kula da tsaftar baki, wanda ke kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora ya kuma koya wa mutane kula da dasashi, yana da hukumar rajistarsa. Mai ƙera haƙorin roba a ɗakin aiki bisa umarnin likita, shi ma yana da tasa. Asibitin haƙori ba ya tafiya sai da su, kuma ban yarda a raina su ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne mai makarantar da ya san bambancin sarai, ya bar uba yana sayar da hatsinsa bisa zaton da ba haka ba ne.

Ƙofar farko ita ce sakamakon sakandare da JAMB. Ana son kiredit 5 a Turanci, lissafi, fiziks, kimistiri da bayoloji, daga WAEC ko NECO, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar haɗe-haɗen sakamako a wannan kwas, sai wanda aka samu a zama ɗaya. A jarrabawar JAMB darussa 4 ne: Turanci, fiziks, kimistiri da bayoloji. Yaro kan ci maki mai kyau ya rasa gurbi don kawai wanda ya cike masa fom ya sa lissafi a madadin fiziks. Makin da JAMB ke sanarwa kowace shekara a matsayin mafi ƙaranci kada ya ruɗi kowa, domin wannan na shiga jami'a ne gaba ɗaya. Na likitanci da na haƙori jami'a ce ke yanke nata, kuma yana can sama. Akwai kuma shiga kai tsaye aji biyu ga mai sakamakon gaba da sakandare ko mai digiri a fannin kimiyya, sai dai guraben kaɗan ne. Ko ta wace hanya aka bi, tun 2017 gurbin da hukuma ta sani shi ne wanda ya fito ta CAPS, tsarin intanet na JAMB na bayar da gurbi, ɗalibi ya shiga da kansa ya karɓa. Takardar da wani ya miƙo ta bayan fage, ya ce a fara karatu za a gyara daga baya, wahala ce ake saye da kuɗi.

Ƙofa ta biyu ita ce mutane ba su cika sani ba, kuma a nan aka fi yin kuka. Jami'a takan samu izinin buɗe kwas daga hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC. Wannan izini shi kaɗai bai isa ba. Dole MDCN ta turo tawagarta ta zo ta gani da ido: malamai nawa ne kuma wane fanni suka ƙware a kai, kujerun aikin haƙori nawa ke aiki, akwai ɗakin gwaji, akwai asibitin koyarwa da marasa lafiya ke zuwa. Tantancewar mataki-mataki ce, akwai ta karatun farko kafin shiga asibiti, akwai ta matakin asibiti. Makaranta tana iya samun ta farko ta maƙale a ta biyu. Idan haka ta faru, ɗalibai sukan kai aji huɗu ko biyar su tsaya cik, ba jarrabawar ƙarshe, ba rantsuwar zama likita, abokansu na likitanci su gama su tafi su bar su. An ga haka a ƙasar nan, an ga ɗaliban da shekara 6 ta zame musu kusan 10. Ka yi tunanin uwar da ke amsa tambayar dangi kowace Sallah cewa har yanzu bai gama ba.

Bayan tantancewa MDCN takan yanka wa kowace makaranta kaso, wato adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka a shekara. Kason haƙori ya fi na likitanci ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma wanda ya taɓa leƙa ɗakin koyon aikin zai gane dalili. Kowane ɗalibi yana zaune ne gaban kan mutum-mutumi mai buɗaɗɗen baki, da haƙoran roba a jere, da ƙaramin madubi a hannun hagu, injin huda a hannun dama. Zai yi wata da watanni yana koyon fafe kogon haƙori daidai zurfin da aka ce, yana kallon aikinsa a juye ta cikin madubi, malami ya zo ya sa tsinken ƙarfe ya taɓa, ya ce sake. Wannan ba darasin da za a tara mutum 300 a zaure a yi musu da lasifika ba ne. Mutum ɗaya, kujera ɗaya, malami a kansa. Saboda haka hukumar ke ba kowane ɗalibin da ke cikin kaso lambar shaida tun yana ajin farko-farko na karatun, abin da ɗalibai ke kira indeksin. Idan makaranta ta kwashi fiye da kasonta, waɗanda suka yi rara ba su da lamba, kuma wanda ba shi da lamba zai sha wuya kafin a rantsar da shi ko da ya ci kowace jarrabawa. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kuɗin makaranta muhimmanci: MDCN ta tantance ku har matakin asibiti? Nawa ne kasonku, nawa kuka ɗauka bara? Hukumar tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su da kason kowacce, kuma a wurinta ya kamata a duba, kada a tsaya ga allon tallan makaranta.

Makarantar likitan haƙori ta farko a Najeriya a jami'ar Legas aka buɗe ta a 1966, sai Ibadan da Ife da Benin suka biyo. Arewa ta daɗe ba ta da ko ɗaya. Yanzu akwai tsangayar a jami'ar Maiduguri, akwai a jami'ar Bayero ta Kano inda ake koyon aiki a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, don haka zaɓen jami'ar da jiharku ke cikin yankinta dabara ce mai amfani.

Karatun kansa, wanda ya ɗauka hanya ce mai sauƙi ta samun sunan dakta zai sha mamaki. Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga nan ɗalibin haƙori yana zama aji ɗaya da na likitanci, su koyi ƙirar jikin mutum a kan gawa, da yadda gaɓɓai ke aiki, da ilimin cututtuka da na magunguna, ya kuma zaga ɗakunan marasa lafiya na tiyata da na sauran cututtuka. A kan wannan ake ɗora masa nasa: cikon haƙori, cirewa, jinyar jijiya, gyaran jeren haƙoran yara, ɗaurin karayar muƙamuƙi. A shekarun ƙarshe akwai littafin da malamai ke sa hannu a kan kowane aiki da ya yi wa mara lafiya na gaske, kuma sai ya cika adadin da aka ɗora masa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Yaron da hannunsa ya iya aiki mai laushi, irin mai ɗinkin hula ko mai gyaran waya, yana da wani jari da makin JAMB ba ya nunawa.

Ranar rantsuwa ba cikakken lasisi ake bayarwa ba. Rajistar wucin gadi ce, wadda ke ba sabon likita damar yin aikin sanin makama na wata 12 a asibitin da hukumar ta amince da shi, ƙarƙashin manyan likitoci, yana zagaya sassa. Rajistar tana da wa'adin shekara 2, don haka zama a gida ana jiran gurbi a garinsu kaɗai yana iya jawo wa mutum zama jarrabawar hukumar. Sai manyan sun sa hannu cewa ya kammala, a ba shi cikakkiyar rajista, sannan ya tafi hidimar ƙasa. Bayan nan ma lasisin aiki na shekara-shekara ne, ana sabunta shi kafin 31 ga Disamba, tare da shaidar cewa mutum ya halarci tarukan ƙarin ilimi. A 2023 an kawo wani ƙudiri a Majalisar Wakilai da ke neman a hana cikakken lasisi sai likita ya yi wa ƙasa aiki shekara 5, aka yi ta ce-ce-ku-ce, amma bai zama doka ba. Mai son ƙwarewa a fanni ɗaya kuma sai ya shiga horon manyan likitoci, ya ci jarrabawar kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. Idan aka kai ƙarar likita, akwai kwamitin bincike, akwai kotun ladabtarwa da ke iya yi masa gargaɗi, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa daga rajista, kuma ɗaukaka ƙara sai a Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Masu tura 'ya'yansu Sudan ko Masar ko Indiya su ma dokar tana jiransu a gida. Digirin waje ba ya ba mutum damar aiki kai tsaye, sai ya zauna jarrabawar tantancewa ta MDCN ya ci, kuma makarantar da ya yi ta kasance wadda aka amince da ita. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, hukumar ta sanar cewa ba za ta karɓi karatun likitanci ko na haƙori da aka yi ta intanet ba. Wasu sun ga tsauri ne, ni kuwa ban ga yadda za a koyi yi wa mutum allurar kashe zafi a dasashi ta fuskar waya ba.

Ina son 'ya'yanmu su shiga wannan fanni, kuma dalilina yana Sakkwato. A can akwai asibitin yara masu cutar da likitoci ke kira noma (ba noman gona ba), wanda aka buɗe a 1999. Cuta ce da ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe. Idan an gane ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci suna tsayar da ita. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Yaran nan a ƙauyukanmu suke, iyayensu Hausa da Fulatanci suke ji, kuma mai duba bakin yaro ya gane abin tun yana gyambo shi muke ƙaranci.

Baba ya dawo bayan kwana biyu, wannan karon tare da 'yar. Na tambaye ta abin da take so, ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, likita nake so in zama." Muka baje sakamakonta a kan tabarma, sai ga shi kimistiri ɗinta a NECO yake, sauran huɗun a WAEC. Ta ce za ta sake zama ta haɗa su wuri ɗaya, ta kuma sake JAMB. Baba ya mayar da takardar cikin ledarta, ya ce hatsin ya ƙara kwana a rumbu zuwa baɗi.